Wuƙar da Ta Ƙi Rufuwa

Masu sayen wuƙaƙenmu ba yanka suke yi da su ba. Na rantse rabinsu ko lemo ba su taɓa ɓarewa da su ba. Mutum zai zuba kuɗin da ya kai albashina na wata uku a kan wuƙa guda mai naɗewa, ya kai ta gida, ya zauna yana buɗewa yana rufewa yana sauraron ƙararta. Abu biyu kawai yake dubawa. In ya buɗe, sai ya kama ruwan wuƙar da yatsu biyu ya jijjiga, kada ya ji motsi ko ƙanƙani. In ya rufe, sai ya leƙa ta sama, yana so ya ga ruwan ya kwanta daidai tsakiyar ƙota, bai karkata hagu ko dama ba ko da kaurin gashi ne. In ɗayan biyun ya kuskure, sai ya ɗauki hoto ya turo wa Manaja da doguwar wasiƙa, kai ka ce ɗa aka kashe masa.

Mu tara ne a masana'antar, ɗaki ɗaya dogo mai warin mai da ƙurar ƙarfe. Ni ce mai haɗawa. Noti guda ne a gindin ruwan yake riƙe da komai. Ka sassauta shi, ruwan ya yi motsi; ka cika matse shi, ya ja ruwan gefe guda ya riƙa gogar ƙota. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da bai kai kwatan juyi ba, kuma nemo shi ne abincina shekara shida ke nan.

Daga teburina wuƙaƙen kan tafi a buɗe, jere a kan tire, zuwa teburin mai dubawa da ke bakin taga. Mai dubawan kuwa mahaifina ne. Shekararsa talatin da ɗaya a kan wannan kujera. Ba ya amfani da ma'auni, kuma in ka kawo masa zancen ma'auni sai ya yi maka kallon da za ka yi da na sanin buɗe baki. Ya jijjiga, ya rufe, ya leƙa, shi ke nan. Abin da yatsunsa suka ce shi ne hukunci, ko Manaja ba ya ɗaukaka ƙara.

Wata huɗu da suka wuce aka fara. Tire ya je da wuƙa ashirin, shida su dawo min.

"Auta, waɗannan suna motsi."

Na jijjiga, ban ji komai ba. Amma wace ce ni? Na ƙara matse notin na mayar masa. Sati na gaba tara suka dawo, na bayansa goma sha uku. Har ya gaji da dawo min da su, ya riƙa ɗaukar sukundireba yana matsewa da kansa, yana tsaki yadda kowa zai ji. Wuƙaƙen suka fita kasuwa a ɗaure tamau. Ranar farko lafiya suke, amma in an buɗe su sau ɗari sai ruwan ya zame gefe, ya fara zana layi a jikinsa. Sai ga su suna dawowa a kwali ɗai-ɗai, kowace da wasiƙarta.

Wani mai saye bai tsaya ga wasiƙa ba, ya zo da kansa, da turarensa da ya danne warin man ɗakin. Ya ɗora wuƙar a teburin Manaja, ya haska ta da fitilar wayarsa.

"Dubi nan. Da kuɗina zan sayi abin da ke kwana a gefe ɗaya? Wa yake haɗa muku kaya, makaho?"

Baba ya taso, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a gaban baƙo, a gaban kowa, "Haƙuri za ka yi, ranka ya daɗe. Yarinyar hannunta bai faɗa ba tukuna. Ina gyara abin da zan iya ne."

Yarinya! Ni da nake da 'ya'ya biyu a makaranta, kuma ni kaɗai nake ɗauke da su tun rasuwar ubansu. Dogo mai washi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi.

Da baƙon ya tafi, Manaja ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"Ba zan ɓoye miki ba. Ƙarshen wata, in abin bai gyaru ba, zan nemi wani a teburin nan. Mahaifinki da bakinsa ya faɗa, me kike so in yi?"

Na fito ina huci. A raina na gama yanke hukunci cewa Baba ba ya jin wani motsi, ƙarya yake yi. Tun farko bai so na shiga aikin nan ba, ya so yayana, yayan kuma ya gudu ya zama direba. Na ce to, huce haushinsa yake yi a kaina, so yake a kore ni ya ce da ma ya faɗa. Na ƙulla wannan a zuciya kwana uku, ina gaishe shi da safe ina kai masa ruwan wanka, cikina kuwa fal da baƙin ciki.

Ranar Alhamis da hutun rana na ɗauki wuƙa ɗaya na kai wa mai walda a bayan ɗaki.

"Ɗiga min biyu ta ciki, a gindin ruwan, inda ido ba ya kaiwa. So nake ta zama ƙarfe guda."

Ya dube ni. "Ke, wannan ai ɓarna ce. Kin san kuɗinta?"

"Ni zan amsa. Ɗiga kawai."

Ya ɗiga. Na goge wurin, na mayar da marfin ƙota, na share ta tas. Ko guduma ka sa mata ba za ta motsa ba. Na jera ta ta uku a kan tire. Sannan na yi abin da har gobe ba zan yafe wa kaina ba: na leƙa ofis na ce wa Manaja ya fito ya gani da idonsa.

Na ajiye tiren a gaban Baba, ban koma teburina ba. Manaja ya tsaya a bayana. Dogo ya kashe injinsa, sauran ma suka bar abin da suke yi.

Baba ya ɗauki ta farko. "Tana motsi." Ta biyu ya bar ta ta wuce. Ya ɗauki ta uku, ya kama ruwan da yatsu biyu, ya lumshe ido yadda ya saba.

"Wannan ma ta fi su duka. Auta, wai me ke damunki ne?" Ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba.

"Rufe ta tukuna, Baba."

Ya danna makullin ya tura ruwan. Ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. Ya juya ta, ya kai ta kusa da taga.

"Walda aka yi mata," na ce, da ƙarfi, don na ƙarshen ɗaki ya ji. "Ƙarfe guda ce. To motsin me ka ji? Faɗa wa Manaja motsin me ka ji, tun da ni ce hannuna bai faɗa ba!"

Na zaci zai yi borin kunya, ya zage ni, in rama. Na tanadi maganganu da yawa. Ya sake kama ruwan da yatsu biyu a hankali, amma wannan karon bai lumshe ido ba, hannunsa yake kallo. Nan ni ma na kalla. Babban yatsansa yana karkarwa a kan ƙarfen, ƙasa-ƙasa, shi kaɗai, ba tare da an aike shi ba. Ya saki wuƙar ya ɗora tafin a kan tebur. Yatsan bai daina ba. Ya sa ɗayan hannun ya danne shi.

Ashe ba ƙarya yake yi ba. Wata huɗu yana jin motsin da gaske, a kowace wuƙa, yana neman sa a wurina. Ni da nake gida ɗaya da shi, nake miƙa masa kofi kullum, ban taɓa kallon hannunsa ba, fuskarsa nake kallo ina neman raini.

"Nawa na dawo miki da su?" ya tambaya, muryarsa ƙasa.

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Kin ƙirga."

"Ɗari biyu da ɗoriya."

"Duk lafiyarsu ƙalau?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen Manaja ya ce, "Yarinyar nan ba ta da laifi. Kada ka taɓa ta. Waɗanda suka dawo ni na ɓata su."

Manaja ya fara cewa ai za a duba, akwai asibiti, akwai wani aikin mai sauƙi a wajen shirya kaya a kwali. Baba bai saurare shi ba. Ya miƙe, ya tura kujerar ƙarƙashin tebur, ya kai hannu baya zai kwance igiyar rigar aikinsa. Ya lalubi ƙullin, ya kuɓuce masa. Ya sake kamawa ya ja, sai ya ƙara ɗaurewa. Mutum takwas muna tsaye muna kallo, ba wanda ya iya motsawa. Aikina ya tsira, abin da na nema ke nan, kuma a lokacin da za a ba ni zaɓi da na gwammace a kore ni sau goma.

Ya daɗe yana fama. Daga ƙarshe ya sauke hannuwansa, ya juyo min da bayansa.

"Auta," ya ce, "kwance min."