Hannun da Ke Bayan Zana

Duk wanda ya san damben mahauta a Injamena ya san ɗaurin Ya'akubu Bahago. Ba irin ɗaurin yaran yanzu ba, da ake naɗe hannu kamar ana ɗaure tsire a takarda. Ya'akubu ya ga yaƙi ya ga yunwa a garin nan bai gudu ba, ya kashe mazaje a fage har makaɗa suka gaji da kirarinsa. Da ya tsufa sai ya koma ɗaura wa samari zare a hannu, a gidansa na Milezi da ke manne da fagen dambe.

Sharaɗinsa ɗaya ne. Ɗan dambe zai tsaya a zaure, ya zura hannu ta wata kafa a jikin zana, ba leƙe ba magana. Ya ce asirin ba ya son ido. Kuma mai ɗauri ba ya fitowa sai kalangu ya yi shiru, don zare yakan saki tsakanin turmi da turmi, a rugo a gyara.

Abin da ba wanda ya sani, yatsun Ya'akubu sun daɗe da sandarewa, ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. 'Yarsa Zuleha ce ke ɗaurin. Shi dai yana zaune gefenta yana gyaran murya, yana zagin yaro in ya motsa. Ai da mahauta sun ji mace ce ke taɓa musu hannu, da sun rantse laƙaninsu ya karye, ko da sun shekara suna kisa da ɗaurinta.

Zuleha ta san hannun kowa. Ta san mai tsohon targaɗe, ta san wanda wuƙa ta yanka a mayanka, ta san mai tsoro ta gumin tafinsa. Amma ba ta taɓa ganin hannun da ta ɗaure ya sauka a kan mutum ba. Kunne ne idonta. In fage ya ɗauki ihu sai ta rufe ido, ta yi ta saƙa yadda abin ya kasance. Ta sha roƙon uban ya bar ta ta leƙa ko sau ɗaya. Ya ce in ta fita wa zai ɗaura, ko so take a gane Bahago ya zama hoto?

Wata Lahadi bayan la'asar, washegarin bikin 'yar ƙanwar babarta a Sabangali, Muntaka mai sayar da nama a Ambassatna ya zuro hannu. Shi ne zakaran bana, kuma damben ƙarshe nasa ne. Tana jan zare sai yatsunta suka wuce kafar kaɗan, jajir da lallen biki. Ta ji jijiyarsa ta ɗaure. Uban kuwa ya zagaya bayan gida.

“Baba,” in ji Muntaka ƙasa-ƙasa, “yau hannunka ya sha ado.”

Ta maida yatsunta ciki da sauri. Hannun bai janye ba.

“Ƙarasa mini. Kuma a ja shi da kyau, don ba zan dawo gyara ba. Mai son kallo ya yi kallo. Kalas, shi ke nan.”

Ta ɗaure shi ɗaurin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Da kalangu ya juya zuwa taken Muntaka, ta dubi uban, wanda ya riga ya dawo gefenta. Ya kawar da kai, ya ce shi bai ga komai ba, ido ma ya tsufa. Ta yafa lafaya, ta dunƙule hannu a ciki, ta fita ta ƙofar baya, ta shige cikin mata masu sayar da gyaɗa.

Ashe haka fage yake! Ya fi yadda take zato ƙanƙanta, ya fi ƙura. Ga Muntaka ya sunkuya, hagu a gaba tana laluben iska, damar da ta ɗaure tana lilo a baya, fara tas. Ya zagaya, abokin karonsa ya zagaya. Ta ga kafaɗarsa ta ja baya, ta ga hannun ya fara tashi.

Nan ta hango Rufa'i, ɗaya daga cikin samarin da take ɗaura wa zare. Ashe an ƙara wani karo bayan wannan, ga shi ya nufi zaurensu da gudu, zare na jan ƙasa. In ya zura hannu, yatsun tsohon zai tarar.

Ta juya. Tana tsakiyar lungu fage ya fashe da ihu a bayanta, irin ihun da ake yi in namiji ya sha ƙasa. Makaɗi na ta wasa ɗaurin Bahago.

Ta tarar da hannun Rufa'i a kafa, uban na zaginsa don ja masa lokaci. Ta durƙusa tana haki, ta kama zaren, ta naɗe yatsunta ciki-ciki. Ya'akubu ya matso kunnenta ya tambaya ko ta gani.

Ta ce ta ga tashin hannun.