Tarin Halidu

Sunana Mijinyawa. Direba ne ni, na ajiye mota. A unguwar Yantala nake zaune. A fadarmu, inda mu dattawa ke zaman hira, in na yi magana ba a sake ta.

Ƴata Sakina ta yi karatu mai nisa. Aikinta koya wa ordinater, wato kwamfuta, sauraron tari, har ta gane mai tibi, tarin fuka ke nan, tun ciwon bai kayar da shi ba. Ban san yadda ake yi ba. Na dai san sai na'urar ta ji tarin mutane da yawa kafin ta iya.

Ta same ni ina shan koko.

"Baba, tsofaffinka nake so. Kowa ya yi mini tari cikin salula."

"Iyayenki ne."

"To, iyayena."

"Wa zai ji?"

"Na'ura kaɗai. Ko suna ba za a sa ba."

Na kai maganar fada. Suka ƙi. Dattijo ba ya son a san ciwonsa. Halidu mai tsire, abokina tun muna samari, ya fi kowa taurin kai.

"Kai Mijinyawa, tsufa ya maishe ka dillalin tari?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Amana ce, ni na ɗauka. In wani ya ji, ni za ku tambaya." Na fara yi, suka bi.

Na'urar ta tsaya a kan tarin Halidu. Sakina ta kai shi likita a ɓoye, aka auna, tibi ne. Ya rufe tukuba, ya ce wa mutane ya tafi ganin gida garin Tawa. Ya sha magani, ya warke, ya dawo kan namansa. Ba wanda ya sani.

Sai aka yi babban taro na masu bincike. Sakina ta hau dandamali ta yi Faransanci, aka tafa mata. Don ta nuna aikinta, ta kunna tari ɗaya, aka rubuta tibi a ƙasansa. Ba suna, gaskiya ne. Amma Halidu in ya yi tari sai ya ce, "Ya Latifu, sassauta." Haka yake tun da na san shi. Ba ta yanke wurin ba.

Samarin unguwa suka yi ta tura bidiyon, wai ga ƴar Yantala ta yi fice. Kowa ya gane muryar. Kafin Juma'a ta zagayo, Halidu na gasa nama ba mai tsayawa.

Na kira ta.

"Kin ce na'ura kaɗai."

"Baba, na cire sunansa. Nasa ne ya fi fita sosai. Kuma ai aikin nan ne ya cece shi."

"Ya cece shi. Sannan kika kai shi gaban taro."

"Da bidiyon nan aka ba ni aiki a Kanada, Baba. Dubbai za su amfana."

"Je ki durƙusa gabansa."

Ta ce za ta je. Ranar da ta ce, biza ta kira ta. Washegari awon lafiya. Daga filin jirgi ta turo saƙon murya, wai in kunna masa.

Ban kunna ba. Na sa riga, na tafi da ƙafata. Na tarar da Halidu yana korar ƙuda, nama ya bushe a kan wuta. Na cire hula, na durƙusa cikin toka, gaban masu wucewa.

Ya daɗe yana juya tsinke.

"Tashi, Mijinyawa, gwiwarka ba kyau."

Ban tashi ba.

Ya ce, "Yarinya na yafe mata. Ita ba ta yi mini alkawari ba."