Rufin Da Gwaggo Ta Ciro

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mijinta, Gwaggo ce ke riƙe da makullin ɗakin atisaye na unguwa. Ba wani ɗaki ba ne na a zo a gani. Tsohon sito ne a bayan zauren taro, da bututun ƙarfe biyu da mai walda ya kafa a ƙasa, masu irin ciwon suna dafawa suna koyon tafiya. Mijin nata, wanda har yanzu ake kira Direba ko da yake rabonsa da sitiyari an daɗe, nan yake wuni yana jan ƙafa. Likitan gashin ƙashi da ke leƙo su kyauta ya ce in aka sami keken motsa ƙafa mai aiki da lantarki da gadon atisaye, da yawansu za su miƙe. In ba a samu ba jijiya za ta ƙage, kuma ta Direba ta soma.

Gwaggo ta yi ta safa da marwa zuwa ofishin wata gidauniyar agaji har masu gadi suka san takunta. Da aka ce an amince za a ba su kayan, ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Murnar ba ta yi mako ba, aka yi ruwa da iska, rufin ɗakin ya yaye. Katako dama ya ruɓe, kwanon kuwa tsatsa ta cinye shi, ya yayyage kamar tsohon zane.

Ta kira jami'ar gidauniyar, wata yarinya mai sanyin murya, ta roƙe ta a karkatar da wani abu daga tallafin a yi rufi. Jami'ar ta ce tallafin na kaya ne, ba na gini ba, kuma ba ita ta kafa dokar ba. Mota za ta zo ranar Litinin. In ta tarar ɗakin ba rufi, wata unguwa za ta wuce da kayan.

Gwaggo ta bi masu hali gida-gida. Mai gidan man fetur ya ce ta dawo bayan damina. Shugaban zauren ya ce sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuwa ya fi shekara bai cika ba. Mai sayar da kayan gini ya ba ta kujera da ruwan sanyi da addu'a mai tsawo. Ta dawo gida ƙafa duk a kumbure, ta tarar Direba na ƙoƙarin kai kofi baki, ruwan na bin gemunsa. Ta karɓa ta ba shi, ta ɗaga kai tana kallon rufin ɗakinsu, wanda ya yi da hannunsa shekarar da ya bar tuƙi.

Da safe ta aika aka kira ƙanenta kafinta. Da ya ji nufinta a ciro rufin ɗakinsu a rufe ɗakin atisaye da shi, ya ajiye guduma.

"Yaya, cikin damina? Ina za ki kwantar da mara lafiya?"

"A kicin. Yana da rufi."

"Kicin ɗin da ko akuya sai ta lanƙwasa wuya?"

"In ƙafar nan ta ƙage, rufin me zai yi mini? Hau ka ciro."

Ya yi ta magana, ya ce zai gaya wa 'ya'yanta, ta ce ya gaya musu bayan ya gama. Direba na zaune a tsakar gida ana sauko da kwanon ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa ba ya fita sosai, amma ya yi ta girgiza kai, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Gwaggo ta juya masa baya tana tsince ƙusa.

Kwanon bai isa ba, kafinta ya cike gefe ɗaya da ƙyauren bayan gidansa. Ranar Litinin jami'ar ta zo da wani injiniya. Ya duba sama ya gyaɗa kai, sannan ya taɓa bango, ya buɗe akwatin wuta, ya ce wayoyin sun sha ruwa, ba zai sa hannu a jona komai a nan ba. Aka sauke gadon da sandunan dafawa da ƙananan kaya. Keken ya zauna a mota cikin kwalinsa.

Gwaggo ta riƙe ƙofar motar, ta ce wa jami'ar ta dubi girman Allah, keken nan shi ne maganar.

"Mama, zan roƙa a ajiye shi a sitonmu zuwa ƙarshen wata," in ji yarinyar, idonta a ƙasa. "Ban yi miki alkawari ba."

Motar ta tafi. Likita ya zo da yamma, aka kwantar da Direba a sabon gadon, likitan ya kama ƙafar yana lanƙwasawa a hankali. Ƙafar ta tafi kaɗan ta tsaya. Ya sake gwadawa. Hadari na haɗuwa ta gabas, katifarsu kuma tana tsakar gida tun safe. Gwaggo ta bar makullin a hannun matar wani majinyaci, ta gyara mayafi, ta fita neman mai gyaran wuta da zai yarda ya yi aiki a biya shi daga baya.