Kyanwar Goggo a Kejin 'Yan Daji

Goggo ba ta yi sallama ba. Da ƙafa ta tura ƙofar asibitin dabbobin, ta ce, "Ina wanda ya sace min kyanwa?"

Maƙwabcinta mai gyaran keke ne ya tsegunta mata. Wai wasu likitoci sun kafa tarko a kurmin bayan unguwa, suna kama kyanwoyin daji, suna ɗibar jininsu don neman cutar da kaska ke sa musu. In sun gama, sai su loda su a mota su je can nesa su sake. Ya rantse ya ga kyanwarta Shagwaɓa a keji da idonsa, kuma yau motar za ta tashi.

Likitan, wani siriri mai tabarau, ya ɗago daga madubin ƙara girma da yake duba jini da shi. "Sannu da zuwa, Mama."

"Ban haife ka ba. Da ni na haife ka, da ka san kyanwar gida in ka gan ta."

Ya kai ta ɗakin ciki. Kejuna ne jere a kan benci, ga warin fitsari har maƙogwaro. A na ƙarshe Shagwaɓa ce kwance, an aske mata wuya fes.

"Innalillahi! Har da aski? Ce muku ta yi tana neman wanzami?"

"Don mu ga jijiya ne. Mama, a kurmi muka kama ta, kuma duk wanda ya taɓa ta ya sha yakushi. Ƙa'idarmu, ta gida mu yi mata magani mu miƙa wa mai ita, ta daji mu mayar da ita yadda muka same ta. Wannan kuwa akwai cutar a jininta."



"In taki ce, kira ta mu gani," in ji likita.

Goggo ta sunkuya, ta tausasa murya. "Shagwaɓa. 'Yar albarka. Taso mu tafi gida."

Kyanwa ta buɗe ido ɗaya, ta yi hamma, ta juya mata baya. Likita ya yi tarin da ba na mura ba.

"Dariya kake yi? Tsaya." Goggo ta tafa hannu a gaban sauran kejunan. Duk suka maƙale a lungu suna huci. "Ka gani? Waɗannan tsorona suke ji. Wannan kuwa raina ni ta yi. Ta ina ta daji za ta san ni har ta raina ni?"

"Mama, wannan ai ba hujja ba ce."

Kafin ya rufe baki ta zare sakatar kejin. Shagwaɓa ta diro, ta yi miƙa, ta wuce Goggo kamar ba ta taɓa cin kifinta ba. Ta shiga ofis, ta haye tebur, ta kalli kofin shayin likita, ta sa hannu ta tura shi a hankali har ya faɗi ya fashe. Sannan ta kwanta a kujerarsa.

Likita ya daɗe yana kallon shayinsa a ƙasa. "Ta gida ce," ya ce.

"Yanzu ka yi magana. To, a yi mata allura, sannan a mayar mata da jininta."

"Jininta?"

"Wanda kuka ɗiba. Ku kuka ciyar da ita har ta tara shi?"

Bai yi musu ba. Ya ja ta gaban madubin, ya ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Goggo ta ga wasu jajayen ƙwallaye fal, a cikin wasunsu ga ɗigo-ɗigo sun zauna daram.

"Su waye waɗannan?"

"Su ne cutar. Kaska ce ta kawo su. A mayar mata?"

Goggo ta ja da baya, ta goge idon da gefen mayafi. "Ku riƙe abinku, na bar muku. Amma askin nan sai ka ba da haƙuri."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Ni ka aske?"

Likita ya gyara tabarau, ya juya wajen kujerarsa inda Shagwaɓa ke kwance, ya ɗan rusuna.