Wasan da Aka Ɗauka a Waya

"Ke kam yaushe za ki mutu mu huta?"

Muryar Amatullahi ce, babu ko tantama. Tana durƙushe a shagon Kawu Shitu a Funtuwa, tsakanin buhunan masara, tana jin kanta tana fitowa daga wayarsa. Muryar ta ci gaba: "Yau ko loma ɗaya ba za ki ci ba a gidan nan. Gobe in kai ki kasuwar Bakori in sayar, in ma an samu mai saye."

Sai shiru. A daidai nan ne Tsohuwa, kakarta, ke cewa duk wanda ya saye ta sai a ba shi jikarta gyara, su kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta. A wayar babu amsar, babu dariyar. An yanke su tas.

"Kawu, wasa ne," in ji Amatullahi. "Kullum haka muke."

"Na san wasan jika da kaka, ni ma na yi kaka. Amma wasa mutum biyu ke yin sa. Ina muryar Inna?" Ya juyo mata da wayar, ga hoton damtsen Tsohuwa da shatin yatsu huɗu. "Wannan ma wasan ne?"

"Santsi ya kwashe ta a banɗaki, na riƙo ta."

"Haka kika ce."

Aisha Humaira ce ta turo, yarinyar da ke haya a gidansu na Malumfashi, a ɗakin kusa da zaure, mai karatun aikin jinya. Ta ce tsoron Allah ne ya hana ta yin shiru. Kawu ya ce zai zo Malumfashi Juma'a ta sama ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, zai ɗauko mahaifiyarsa ya dawo da ita gidansa.

Amatullahi ta yi kuka a mota tun daga Funtuwa har gida, ba ta damu da masu kallo ba. Tsohuwa ce ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Yanzu shekara shida ke nan ita Amatullahi ke yi wa Tsohuwa wanka, ita ke dama mata kunu, ita ta san cewa in Tsohuwa ta ce ta ƙoshi to a ƙara mata. In aka ɗauke ta, ba ta san wa za ta tashi ta gaisar da safe ba.

Da ta shiga gida, abin da ta fara gani wayar Humaira ce a kan tagar Tsohuwa, tana caji. Wata biyu ke nan Humaira na kawo ta nan, wai soket ɗin ɗakinta ya lalace. Wata biyu! Ita kuwa Amatullahi, uwar kirki, ita ce ma ke matsar da wayar daga rana kada ta yi zafi.

Ta sami Humaira tana wanke farar rigarta a bakin rijiya.

"Me na yi miki?"

"Ni? Ba komai, Anti." Humaira ba ta ɗago ba. "Abin da kunnena ya ji na tura."

"Dariyarta fa? Kunnenki bai ji ta ba?"

"An koya mana cewa tsofaffi sukan yi dariya don tsoro." Ta matse rigar, ta ɗago a hankali. "Ki daina ɗaga mini murya, Anti. Ni ma tsoronki nake ji."

Amatullahi ta dubi aljihun siket ɗin Humaira, ta ga wani abu mai kusurwa huɗu ya turo, kamar wata wayar ta biyu. Ta haɗiye sauran maganar, ta juya.

Ta yi ta lissafin dalili har kanta ya yi ciwo. Ko don ta hana saurayin Humaira wuce zaure ne? Ko ɗakin Tsohuwa Humaira ke so, mai taga biyu? Ko kuwa yarinyar da gaske ta yarda da abin da ta faɗa? Wannan na ƙarshen ya fi ba ta tsoro. Mai ƙosai ta bakin layi ma ta fara miƙo mata ƙulli ba tare da ta dubi fuskarta ba, ta rasa ko muryar ta kai can ne ko idonta ne ke ƙara gishiri. Kafin ta shiga ɗakin Tsohuwa sai ta ɗaga matashi, ta leƙa bayan kwalla, ta girgiza tabarma.

Ba ta gaya wa Tsohuwa komai ba, don hawan jininta. Ta yanke shawarar ita ma ta ɗauki nata. Ranar Litinin da hantsi ta kunna wayarta, ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, ta kawo kunu.

"Ga ɓarauniyar sukarina ta iso," in ji Tsohuwa, tana gyara zama. "Yau me kika rage mini?"

Amsa na bakin Amatullahi, mai zafi, irin wadda Tsohuwa ke so. Sai ta ji yadda za ta fito in an yanke gabanta da bayanta. Ta ce, "Ga kunu, Hajiya. A sha lafiya."

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "Hajiya? Wa ya biya mini Makka ban sani ba?"

Amatullahi ta yi murmushi, ta fita. Da ta saurari abin da ta ɗauka, ba ta ji komai ba sai ƙarar ludayi da wata baƙuwa mai ladabi. Ta goge.

Haka kwanakin suka tafi. Ta riƙa durƙusawa har ƙasa, tana tauna kowace kalma kafin ta fitar. Tsohuwa ta tsokane ta ranar Talata, ta ce mai hancin tukunya. Ta sake gwadawa ranar Laraba. Ranar Alhamis ta daina tsokana, ta bar rabin tuwonta, ta juya fuska bango.

Kawu Shitu ya iso bayan an sauko daga masallaci. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Humaira ta zauna a gefe, kai a sunkuye, waya a kife a cinyarta.

"Inna," in ji Kawu da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi, "tsakaninki da Allah, yarinyar nan tana ƙuntata miki?"

Tsohuwa ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Ta canja mini," ta ce. "Ban san laifin da na yi mata ba. Ko magana ba ta son yi da ni."

"Kawu, tsoro nake ji!" Amatullahi ta ce. "Duk abin da na faɗa ɗauka ake yi."

"Mai gaskiya me zai tsorata?" Ya shafa gemu. Ba mugu ba ne, so yake a ba shi abin da zai riƙe. "To, kin ce wasa ne. Ga ki ga ta. Yi mata in ji."

Tsohuwa ba ta fahimci duka zancen ba, amma ta ji an ce wasa. Ta ɗago kai, ta gyara ɗankwali, gefen bakinta ya fara motsi. Ta riga ta tanadi amsa, jira kawai take a jefo mata.

Amatullahi ta buɗe baki. A gefen idonta ta ga yatsan Humaira ya zame ƙarƙashin wayar. Ta nemi kalma ɗaya, guda ɗaya tak, wadda in an yanke ta ba za ta zama zagi ba. Ta rasa.

"Sannu, Hajiya," ta ce.

Bakin Tsohuwa ya daina motsi. Ta sauke kai a hankali.

Kawu ya jira kaɗan, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ina jakar kayanta take?"