Hannun da Ruwa Ya Yi wa Yaji

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a zaure, na yi wani mafarki. Ni magini ne, kuma wata uku ke nan ina fama da wani haɗin shafen bango na makuba da ƙaro, wanda da ruwa zalla ake kwaɓa shi, ba kananzir ba wari, amma so nake ya hana ruwan sama kama katanga.

A mafarkin haɗin ya yi. Na shafe gidajen garin kaf, da hannu kamar yadda muka gada, don mu ba ma yaɓe da buroshi. Hadari ya taso, ruwa ya sauko, ya leƙa soraye, ya rasa wurin zama, ya juya sama abinsa.

Sai aka kira la'asar. Na ɗauki buta na zuba, ruwan ya kauce wa hannuna ya bi ta gefe. Na sake zubawa, ya dunƙule kamar ƙwallon goruba ya gangara. Kai! Ba alwala, ga rana tana sunkuyawa.

Sai ga ni a ofishin sasanta mutane da ruwa. Shugabar wurin agwagwa ce, da tabarau.

"Malam Barau," in ji ta, "mu da aka haifa da abin nan ma baya kawai muke shafawa. Kai wa ya aike ka har gwiwar hannu?"

"Ranki ya daɗe, to in yi taimama?"

"Ga ruwa a gabanka?"

Ruwan yana zaune kan benci cikin kwano, ya juya mini ƙeya.

"Da ni aka kwaɓa abin," ya ce, "don a kore ni. Ko kunya babu."

Na durƙusa ina ba kwano haƙuri, wallahi har da kuka. Hawayen ma suka ƙi kumatuna, suka yi sama.

Ƙarar buta ce ta tashe ni, matata Tasalla ta dire ta a gabana.

"Tashi, an kusa tayar da salla."

Na fizge ta na kwarara a hannu. Ya jiƙe sharkaf! Sai da na yi hamdala sau uku kafin na tuna tun safe hannun nan yake cikin haɗin.