Cukun da Aka Aiko wa Fenna

Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen saye na kamfaninmu, mai shagunan abinci ɗari da 'yan kai a arewacin Holan. Ni ke sayen kayan lambu. Fenna Terpstra, wadda teburinta ke kallon nawa, ita ke da madara da cuku.

Abin da muke yi ba wanda bai sani ba. In shekara ta zo ƙarshe riba ba ta kai yadda aka yi wa masu hannun jari alkawari ba, sai mu bi masu kawo mana kaya da waya, mu sa su sa hannu a kan rangwamen baɗi, a rubuta shi kamar na bana. Wanda ya ƙi, a kwashe kayansa daga kanta. Ni ma na yi. Fenna ta yi shekara biyu tana yi, a ta uku ta tattara takardun ta kai wa masu bincike na waje.

Manyan kamfanin uku suka rasa aikinsu. Jaridu suka yi mako biyu a kanmu, aka soke kuɗin ƙarshen shekara na kowa. Sabuwar shugaba, Madam Roelfsema, ta zo da bitar ɗa'a duk Alhamis, da lambar waya ta kai ƙorafi a ɓoye, da doka cewa duk kyautar da ta wuce Yuro ashirin da biyar sai an cike mata takarda. A babban taro ta kira sunan Fenna, muka tafa.

Da rana kuwa, in Fenna ta zauna da burodinta, sai teburin ya watse a hankali. Ba wanda ya zage ta. Wiebe mai sayen nama, wanda ya so gyara kicin ɗin gidansa da kuɗin da aka soke, kullum sai ya ce mata, "An tashi lafiya, waliyyiya?" Ita kuma ta ce lafiya lau.

A watan Afrilu wani tsoho mai yin cuku, wanda aka taɓa korar kayansa aka dawo da su bayan tonon asirin, ya aiko mata da dunƙulen cuku mai kilo goma sha biyu. Ta yayyanka ta ajiye a kicin ɗin ofis. Kowa ya ci, Wiebe sau uku ya koma. Takardar ce ta manta ba ta cike ba.

Washegari ina buɗe makullin kekena na ji Wiebe a bayan rumfar kekuna yana waya, yana faɗin nauyin cukun da sunan tsohon. Shi ne ƙorafi na farko da ya shiga lambar.

Fenna ta ba ni labarin yadda suka yi da Madam. Matar ta ce ta san abin ba shi da daɗin ji, amma in ta ɗaga mata ƙafa, dokar ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Fenna ta ce mata, "Cukun yana cikin ma'aikatanki, Madam. A hau da su sikeli." Madam ba ta yi dariya ba. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka mayar da ita sayen sabulu da takardar bayan gida, wai don a raba ta da masu cuku.

Ran nan muna fita ana yayyafi, ta tsaya tana ɗaure hular rigarta.

"Sjoerd, ka san ko wane ne?"

Na ce ban sani ba. Ta dube ni kaɗan, ta ce to, sai gobe.

A watan Agusta ta ajiye aiki, ta koma wata ƙungiyar manoma kusa da garinsu. Mun haɗa mata kuɗin furanni. Da kaka aka naɗa Wiebe wakilin ɗa'a na sashenmu, tunda shi ne bai taɓa fashin bitar Alhamis ba. Aka kuma raba mana takardar jin ra'ayi, tambaya ta bakwai tana cewa ko kana jin za ka iya faɗin gaskiya a wurin aiki ba tare da tsoro ba. Na zaɓi "e". Da sakamako ya fito, kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari ne suka zaɓi haka, aka liƙa shi kusa da injin kofi.